Sakwara Mai Gudaji a Ƙofar Goggo

Goggo ce ta riƙe ni tun ina aji uku na firamare. Yayar mahaifina ce. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta maza biyu aiki ya kai su nesa, sai Baba ya ɗauke ni daga gidanmu na Maitumbi ya kai mata ni Ketaren Gwari, wai in riƙa ɗebe mata kewa. Ban san irin kewar da na ɗebe ba, don ni tun ina ƙarama ba mai magana ba ce. Da na samu littafi sai in nemi lungu. Goggo kuwa in ta buɗe baki da safe ba ta rufe shi sai ta kwanta. Ta yi wa kaji faɗa, ta yi wa mai labarai a rediyo gyara, ta taya mai tallan da ke wucewa a waje ko da ba ta da niyyar saye.

Gidan haya ne mai tsakar gida ɗaya, mu da wasu mutanen kudancin Kaduna. Matar ɗakin muna kiranta Mama, ni da duk yaran layin. Ita da Goggo sun fi shekara goma a wannan tsakar gida, kuma abin da ya fi haɗa su daka ne. Akwai wata manomiya daga Maikunkele da ke kawo musu doya. Duk Asabar da la'asar sai su mirgino babban turmi ƙarƙashin mangwaro su kirɓa sakwara tare, su raba biyu, kowa ta yi miyarta. Taɓarya biyu, wannan na sauka wannan na tashi, ban taɓa jin sun yi karo ba. In lugude ya yi daɗi Goggo takan cilla tata sama, ta tafa, ta cafe.

"Hajiya," in ji Mama, "wata rana za ki fasa mini kai ki bar yarana marayu."

"Wannan kan naki? Ai taɓaryar ce abin tausayi."

Ni ba a taɓa ba ni taɓarya ba. Goggo ta ce hannun biro ne da ni, in je in yi abin da na iya.

Ina aji biyar na sakandare, a shekarun da wayar hannu ta fara shiga aljihun ma'aikata, ciwon ya same ta. Wata safiya ta sunkuya za ta ɗauki buta, sai ta zauna a ƙasa ba ta tashi ba. Mama ce ta fara ganin bakinta ya karkace. A asibiti aka ce hawan jini ne ya haifar da shanyewar ɓarin jiki. Da aka sallamo ta, ƙafar dama janta take yi, hannun dama ya lanƙwashe ya manne a ƙirji, yatsun a dunƙule kamar ta ɓoye wani abu a ciki. Amma abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne maganar. Tana gane duk abin da aka faɗa, idonta ya nuna haka. Sai ta buɗe baki za ta amsa, kalmar ta ƙi zuwa. Abin da ke fita ɗaya ne: "Wannan… wannan…" Ruwa take so, wannan. Ƙafarta ke ciwo, wannan. Likita ya ce ba harshenta ne ya lalace ba, kuma ba hankalinta ne ya gushe ba. Inda ciwon ya taɓa a ƙwaƙwalwa nan ne ma'ajiyar kalmomi. Wasu 'yan dubiya suka ce iska ce ta buge ta. Goggo ta kan dube su ta kawar da kai.

Baba yana matuƙar girmama yayarsa. Ita ta goye shi, ita ta tsaya masa ya yi makaranta. Ranar da aka dawo da ita gida ya tsaya a tsakar gida ya kafa doka.

"Yaya ta gama wahala a duniya. Ko tsinke kada in ji an bar ta ta ɗauka."

Sannan ya juya ga Mama cikin ladabi. "Mama, don Allah ina roƙon alfarma. Wannan daka, a ɗan ɗaga shi daga nan. In tana jin ƙarar za ta riƙa tuna abin da ba za ta iya ba, ranta ya ɓaci."

Mama ta ce ba komai. Da hannunta ta mirgina turmin zuwa bayan ɗakin girki ta rufe shi da tsohon buhu. Daga ranar, in za ta yi sakwara sai ta ɗauki dafaffiyar doyarta a roba ta tafi gida na uku a layinmu.

Mun bi dokar Baba fiye da yadda ya kafa ta. Ni ke ba ta abinci a baki. Ni ke ɗaura mata zani da kallabi. In mai dubiya ta ce, "Sannu Hajiya, ya jiki?" kafin Goggo ta gama motsa leɓe na riga na ce, "Da sauƙi, an gode." Ina ganin ina rufa mata asiri ne. Tsakar gidan ta yi tsit, har yaran Mama suka koyi tafiya da sanɗa. Cikin wata biyu Goggo ta daina fitowa ko bakin ƙofa. Ta nuna mini labule in sake shi. Ta juya fuska ga bango. Loma uku, huɗu, ta rufe baki. Ranar Talata, ranar zuwa sashen gashi da motsa gaɓoɓi a asibiti, sai ta kama ƙarfen gado da hannun hagu ta ƙi saki, mai tasi yana ta matsa ham a waje. Abin da nake tsoro, ko da yake ban faɗa wa kowa ba, shi ne ba za ta ƙara fitowa daga ɗakin nan da ƙafarta ba.

Na yi nawa ƙoƙarin irin na 'yan makaranta. Na aro littafin 'yan aji ɗaya mai hotuna, na zauna gefen gadonta ina nunawa. "Goggo, ce kofi. Ko-fi. To wannan fa? Ce akuya." Ta dubi hoton, ta dube ni, ta daɗe tana dubana. Sai ta miƙa hannun hagu ta karɓi littafin, ta ɗaga cinya ta cusa shi ƙarƙashinta ta zauna a kai. Sai washegari na samu na zaro shi, ya lanƙwashe.

Wata Talata da Mama ta lallashe ta muka samu muka je. Malamar da ke yi mata gashi mace ce siririya mai sanyin hannu. Tana buɗe yatsun Goggo ɗaya bayan ɗaya a hankali, ta tambaye ni, "A gida me take yi da hannun nan?"

"Ba ta yin komai," na ce, har da ɗan alfahari. "Mun hutar da ita."

Malamar ta dakata. "Komai da komai?"

"Ko cokali ba ta ɗauka."

"To kun ƙara mata ciwo na biyu, ƙanwata. Hannun da ba a saka shi aiki, ƙwaƙwalwa mantawa take da shi. Abin da nake yi a nan rabin sa'a ne a sati. Sauran kwanakin naku ne. Kafin ta kwanta, wane aiki ta fi so?"

"Daka."

"Ku ba ta ƙaramin turmi. Hagu ta riƙe dama, su yi tare. Kada dai wanda ya ja ta ta wannan hannun in za a tashe ta, kafaɗar na iya gocewa. Sannan in an yi mata magana, ku yi shiru ku jira. Ki ƙirga goma a zuci. In ba ta samu kalmar ba ki sake ƙirgawa. Ki gaya wa babanki haka na ce."

Goggo na zaune tana ji. 

Na rubuta komai a takarda, layi-layi, har na ja layi ƙarƙashin maganar kafaɗa. Amma ban kai saƙon ba. Ni ce 'yar fari a wurin Baba, ko sunana ba ya faɗa, ni kuma ban taɓa haɗa ido da shi ba. Gaisuwa ce kawai tsakaninmu, ina durƙushe. Ta yaya zan buɗe baki in ce masa dokar da ya kafa don ƙaunar yayarsa ita ke ƙarasa ta? Asabar biyu ya zo da lemo da ayaba, na gaishe shi, na koma ɗaki takardar na cikin littafin kimiyyata.

Mama ce ta ritsa ni ina sake kwafe ta a sabuwar takarda, wai ko in rubutun ya fi kyau zan iya miƙa masa.

"Wasiƙar saurayi ce?"

"A'a, Mama."

"Karanta in ji."

Na karanta. Ta riƙe ƙugu. "Tun yaushe?"

"Sati biyu."

"Sati biyu! Ke da takarda! Takardar ce za ta tashi ta je Maitumbi da ƙafarta? Ni kuma ga ni nan ina yawo da doya gida-gida kamar marar turmi." Ta dubi inda turmin yake rufe da buhu. "Ranar Asabar kada ki je ko'ina."

"Baba fa?"

"Babanki ya roƙe ni alfarma, na yi masa. Yanzu ta ƙare."

Ranar Asabar da la'asar Mama ta yaye buhun, ta wanke turmin, ta mirgino shi. Ba ta kai shi ƙarƙashin mangwaro ba, sai ta girke shi daidai ƙofar Goggo, taku uku daga labule. Ta miƙo mini taɓarya, ta Goggo, wadda tsakiyarta ta yi sulɓi saboda hannu.

"Mama, ban iya ba."

"Shi ya sa na kira ki."

Ban gane ba sai da muka fara. Ta zuba doyar da ta bari ta huce, abin da ko ni na san ba a yi. Na ɗaga taɓarya na sauke, ta bugi gefen turmi. Na sake, muka yi karo da ta Mama, ƙau! Guntun doya ya yi tsalle ya faɗa ƙasa, kaza ta sure. Mama kuwa, wadda na san hannunta, ta riƙa sauke tata a karkace, ba kan gado, tana magana da ƙarfi kamar da kurma take yi.

"Yauwa, 'yar boko, haka ake yi! Wa ya ce sai da tsofaffi? Kawo ruwa mu zuba tun yanzu, ta fi saurin laushi."

"Mama, ba a fasa ta ba tukuna."

"Zuba dai! Cika moɗa. Mai gyara mana tana barci."

Na ji motsi a ɗaki. Gado ya yi ƙara. Na dubi Mama, ta harare ni in ci gaba. Muka ci gaba da ɓarna. Na ji sandar da take dogarawa ta bugi siminti, sai jan ƙafa, sai shiru, sai sanda kuma. Ban taɓa sanin tsakanin gadonta da labule akwai nisa haka ba. Na ajiye taɓarya zan ruga in tare ta, Mama ta damƙe mini zani.

Labulen ya motsa. Goggo ta fito, kallabinta ya zame gefe, ta jingina da ƙyauren ƙofa tana haki. Ban da Talatar da muka je asibiti, rabonta da hasken tsakar gida ya kai sati biyar, sai ƙifta ido take. Ta leƙa cikin turmi. Abin da ke ciki ba sakwara ba ne, ba kuma fate ba, wani farin ruwa ne da gudaji na iyo a ciki. Ta ɗaga sanda ta nuna shi.

"Wannan… wannan…"

"Sakwara ce, Hajiya," in ji Mama. "Ko kin manta kamanninta? Za a ɗiba miki."

Leɓen Goggo ya shiga rawa. Bakina ya cika da abin da na san take son faɗa, na haɗiye, na fara ƙirga a zuci. Na kai goma. Na sake. Jijiyar wuyanta ta miƙe.

"Ɓar… ɓarna!"

Mama ta saki taɓarya ta ɗora hannu biyu a ka ta rangaɗa guɗa, har yaran maƙwabta suka leƙo ta katanga. "Kun ji ta! Wata uku ba ta ce mini sannu ba, da ta tashi magana sai zagi!" Tana dariya tana share ido da bakin zani.

Muka zaunar da Goggo a kujerar tsugunno, bayanta jingine da bango. Mama ta ɗauko ƙaramin turmin jajjage ta ajiye tsakanin ƙafafunta, ta zuba attarugu da albasa. Ta buɗe yatsun hannun daman a hankali, yadda na kwatanta mata malamar na yi, ta sa ƙaramar taɓarya a ciki. Yatsun suka ƙi riƙewa, taɓaryar ta sulale. Mama ta cire nata kallabin ta naɗe hannun da taɓaryar tare, sako-sako. Goggo da kanta ta ɗora hagu a kai. Ta ɗaga kamar tsawon ɗan yatsa, ta sauke. Ta sake. Mama ta tsuguna gabanta tana buga tafi a cinya daidai saukar taɓaryar, tana rage sauri in ta ga ta gaji.

A haka Baba ya yi sallama ya shigo, da ledar lemo a hannu.

Ya tsaya. Ya dubi turmin, ya dubi hannun yayarsa a ɗaure da kallabi, ya dubi gumin da ke goshinta. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba.

"Mama, me na yi miki? Mace ba ta da lafiya ku ɗaure mata hannu ku sa ta aiki?" Ya juyo gare ni. "Ke kuma kina tsaye?"

Takardar na cikin ɗaki. Na durƙusa, kaina a ƙasa, na ji muryata na fita ƙasa-ƙasa. "Baba, malamar asibiti ce ta ce… ta ce in ba ta aiki da hannun…"

"Malamar asibiti ta fi ni sanin yayata?"

Ya ajiye ledar ya nufi Goggo zai kwance kallabin. Ta janye hannuwan biyu zuwa jikinta. Ya sake miƙa hannu, ta buga taɓaryar a turmi, har attarugu ya fantsalo masa a riga. Ta ɗaga kai tana dubansa, bakinta na aiki. Baba ya buɗe baki zai yi magana, Mama ta ɗaga masa yatsa.

"Alhaji, jira. Ana jira ne yanzu."

Muka jira, mu uku. Kaza na ta tsattsagar doya a gefen turmi.

"Auta," in ji Goggo. Ta numfasa. "Zau… zauna."

Ni dai ban taɓa jin wani ya kira Baba haka ba, mutumin da furfura ta fara fito masa, wanda ake tashi tsaye in ya shiga ofis. Ya dubi inda zai zauna, babu kujera, sai ya tattara babbar rigarsa ya zauna a dandamalin ƙofa kusa da ƙafarta. Ya cire hula ya riƙe. Goggo ta ci gaba da jajjagenta, tim, shiru, tim. Yana nan yana kallonta har ta gaji don kanta ta miƙa wa Mama hannu ta kwance mata.

Mama ta tsane abin da ya tsanu daga babban turmin, ta ƙara doya mai zafi, ta gyara iya gyaruwa. Duk da haka gudaji sun fi sakwarar yawa. Goggo ta nuna a zuba wa Baba, ta nuna a ƙara masa. Ya cinye tas, tana kallonsa. Ita ma ta ci, da hagu tana tallafar dama, rabi a baki rabi a zani, ba wanda ya miƙa hannu ya taimaka.

Ba zan ce ta warke ba. Babbar taɓarya ba ta ƙara ɗaguwa a hannunta ba, yatsun kuma ba su taɓa buɗewa gaba ɗaya ba. Magana ta riƙa dawowa guntu-guntu, wata rana kalma biyar a jere, wata rana ta koma "wannan". Amma ta daina kama ƙarfen gado ranar Talata, kuma da an yi sallar la'asar sai ta jawo ƙafa ta fito bakin ƙofa, ko da daka ko babu.

Baba bai ba kowa haƙuri ba, ba halinsa ba ne. Bayan sati biyu dai ya shigo da wani abu a naɗe cikin jarida. Ya je wurin masassaƙa ya sa an yi wa yayarsa taɓarya ta musamman, 'yar siririya, marar nauyi, an goge ta sumul har da zane a gindi. Ya durƙusa ya miƙa mata da hannu biyu.

Goggo ta karɓa da hagu, ta jinjina ta. Ta buga a turmi sau ɗaya, ko ƙwayar attarugu ba ta fashe ba. Ta miƙa wa Mama, Mama ta jinjina ta ce, "Alhaji, wannan ai ta kaɗa miya ce."

Goggo ta karɓe ta mayar masa a hannu. Muka yi shiru muna jira.

"Nauyi," ta ce. "Ƙaro."

Baba ya mayar da ita cikin jaridar, ya sa hula, ya ce masassaƙin ba ya tashi sai magariba, in ya yi sauri zai same shi.